Shatar mota ta yini ɗaya a Abuja: tana biyan buƙata idan an ƙulla ciniki da kyau

A Zariya, daga Sabon Gari zuwa Tudun Wada ko Samaru ɗaga hannu kawai mutum zai yi, ya samu keke ko acaɓa. Abuja ba haka take ba. Tun 2006 aka hana acaɓa a tsakiyar birnin, keke ma ba a barinsa a manyan titunan Maitama da Asokoro, ga wuraren kallon a warwatse. Shi ya sa mai hutun kwana biyu, musamman idan da yara ko tsofaffi a tafiyar, muke ba shi shawarar ɗaukar shatar mota da direba na yini guda. Mutum ɗaya tilo kuwa bai kamata ya ɗora wa kansa wannan nauyin ba, manhajar kiran mota ta Bolt ta ishe shi.

Ana samun irin waɗannan direbobi a tashar Jabi, a bakin otal-otal, da tashoshin jirgin ƙasa na Kubwa da Idu inda jirgin da ke tasowa daga Rigasa a Kaduna ke sauke fasinja. Alfanunsu a fili yake: kaya na cikin but, mota na jira a duk inda aka tsaya, kuma da yawansu suna jin Hausa.

Inda ake samun saɓani shi ne ciniki. Kafin a shiga mota a tsayar da magana a kan abu huɗu. Wa zai sayi mai? Ƙarfe nawa yinin zai fara, ƙarfe nawa zai ƙare? Za a kunna na'urar sanyaya mota duk yinin? Sannan wuraren bayan gari, irin su Ushafa, suna cikin kuɗin ko dabam suke? Idan man na direba ne, sau da yawa za ka ga ya kashe sanyin ko ya fara ƙorafin nisa da rana tsaka, domin kowace lita daga aljihunsa take fita. Gara fasinja ya sayi man da kansa a gidan mai, ya biya direba kuɗin aikinsa, rabi da safe, rabi bayan an dawo masauki. A duba takardun motar su ma. Jami'an hanya a Abuja ba sa wasa, takarda ɗaya da ta ƙare tana iya zaunar da ku a gefen titi har rana ta karkata.

Kada a bar wa direba tsara hanya, yawancinsu titi suka sani, tarihin wuri da lokacin da ya dace a je shi sai a hankali. Tsarin da ya fi sauƙi shi ne a fara da Millennium Park a Maitama wajen ƙarfe 9 kafin rana ta yi zafi. Sarauniyar Ingila Elizabeth ta biyu ce ta buɗe shi a Disambar 2003, yana da fili mai ciyawa da yara za su yi guje-guje, sai a zo da tabarma da ruwan sha. Daga nan a bi ta Dandalin Eagle da gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, ana hango Dutsen Aso a baya. Wannan yanki kallo ne daga cikin mota. Kada a tsaya, kada a ɗaga waya ɗaukar hoto kusa da shingen jami'an tsaro, ko da direba ya ce ba komai.

Azahar a yi ta a Masallacin Ƙasa, wanda aka gina a 1984. Ranar Juma'a titunan da ke kewaye da shi kan cushe, don haka ko dai a isa kafin ƙarfe 12, ko a mayar da ziyarar Asabar. Kasuwar Wuse na kusa ga mai sayayya, kilishin tsaraba kuma Area 1. Bayan la'asar sai Tafkin Jabi. Mai son shiga kwalekwale ya tabbatar an ba kowa rigar kariya, har da yara, in babu a haƙura.

Yini na biyu ya dace da Ushafa a yankin Bwari, ƙauyen masu ginin tukwane da Bill Clinton ya ziyarta a 2000. Madatsar ruwa ta Usuma na kusa, amma ruwan shan birnin ne kuma akwai tsaro a ƙofa, a bincika ko ana barin shiga kafin a ƙona mai. A guji titin Kubwa da sassafe ta ɓangaren shiga gari da kuma yamma ta ɓangaren fita a ranakun aiki.

Dutsen Zuma, wanda ke jikin naira ɗari, kada a biya shata dominsa idan ta mota aka zo daga Kwangila a Zariya. Yana bakin hanyar Kaduna ne a Madalla, cikin Jihar Neja, za ku wuce shi zuwa da dawowa. Wanda ya zo ta jirgi ne zai sa shi a ciniki, kuma a lokacin hunturu hazo kan rufe fuskar dutsen, sai a jira hantsi.