Masaukin dutsen Tubkal: na biya kuɗin ruwan zafi, aka yi min wanka da ƙanƙara

Kusan duk mai hawa dutsen Tubkal na Maroko a ɗaya daga cikin masaukan nan biyu yake kwana, waɗanda ke dab da juna a tsayin mita 3,200. Zaɓin ba shi da yawa, wanda jagoranmu ya kama shi muka shiga. Jagoran ma dole ne, tun bayan kashe wasu 'yan mata biyu Turawa da aka yi a yankin a Disambar 2018, kuma jandarmomi na duba fasfo a hanya.

Daga Imlil, ƙauyen da ake fara hawan, muka taka a ƙafa, alfadari na ɗauke da kaya. Mun ɗan huta a Sidi Shamharush, wurin farin dutsen nan da ake zuwa ziyara, aka matsa mana lemo. Kafin mu isa masauki kaina na sarawa saboda ƙarancin iska, jikina duk ƙura. Burina ɗaya, wanka.

To, wankan ne ya ƙona min rai. Ruwan zafi kuɗinsa daban, na biya ba musu. Na murɗa famfo, ruwa ya zubo da ɗumi, na cika jikina da sabulu har ka, sai kawai ya juye. Wallahi sai da numfashina ya ɗauke. Na tsaya ina karkarwa, kumfa a ido, ina jiran ya dawo. Ina! Haka na ɗauraye da shi, haƙora na haɗuwa. Da na fito na sami yaron da ya karɓi kuɗin, ya ɗaga kafaɗa ya ce gas ne ya ƙare, sai alfadari ya hau da tukunya gobe. Na san komai a bayan dabba yake zuwa wurin nan, ban ƙi ba. Amma da ka san tukunyar ta kusa ƙarewa, me ya sa ka karɓi kuɗina? Da na ce a maido min, nan take Larabcina ya daina shiga kunnensa.

Abincin dare ba laifi, miyar harira da tajin ɗin kaza mai zafi, wato dahuwar Maroko a tukunyar ƙasa. Ɗakin kwana kuwa kamar na makarantar kwana, gado kan gado, ga minshari ga warin safa. Barci dai ban yi na kirki ba.

Da asuba na fito alwala, na tsaya gaban famfo na kasa miƙa hannu. Wani dattijo mai dafa abinci ya hango ni daga kicin. Bai tambaye ni komai ba, ya sauke butar shayi daga kan wuta, ya surka min ruwa a roba, ya ce, "Bismillah, Alhaji." Da na gama alwala ya shimfiɗa min darduma kusa da murhu, ya nuna min alƙibla. Na ce, "Baba, ga na goro," ya ture hannuna. Shayin na'ana'a ma ya ƙara min da shi. Da ɗumin nan na kama hanya da fitilar goshi har ƙololuwa, mita 4,167, inda babu dutsen da ya fi shi tsawo a Arewacin Afirka.

A can sama har na ce na yafe musu. Da muka sauko ɗaukar kaya kuma, sai na ga yaron nan yana karɓar kuɗin wanka a hannun wasu sababbin baƙi, ni kuwa ban ga alfadarin gas ya iso ba. Haushi ya dawo sabo. Sai a lokacin ma na tuna bargon da aka ba ni da danshi, da ruwan gora da suke sayarwa ninkin kuɗin Imlil.

Tauraro uku na ba su, biyu na dattijon ne. In za ka je, tafi da jakar barcinka, kuma kada ka biya kuɗin wanka sai ka ga wani ya fito daga banɗakin yana tururi.