Mujallar Harvard Business Review: me mai biyan kuɗi yake samu?

Mujallar Harvard Business Review, wadda aka fi sani da HBR, ta fara fitowa a shekarar 1922 daga makarantar koyar da kasuwanci ta Jami'ar Harvard da ke Amurka. A yau ana buga ta sau shida a shekara, shafinta na intanet kuma yana sakin sababbin maƙaloli kusan kullum. Wanda ya biya kuɗin rajista yana karanta sababbi da tsofaffi, wanda bai biya ba kuwa 'yan kaɗan ake bari ya buɗe kafin a nemi kuɗinsa. Ga manaja ko malami ko ɗalibin da ke son sanin inda bincike kan tafiyar da kamfani da ƙirƙira ya dosa, ina ganin kuɗin bai tafi a banza ba, muddin ya iya bambance maƙalar da gwaji ya tsaya mata da wadda ra'ayi ne kawai aka yi wa ado.

Batun da ya mamaye shafukanta a 'yan shekarun nan shi ne ƙirƙirarriyar basira, kuma muhawarar ta wuce tambayar ko na'ura za ta ƙwace aikin mutum, ta koma kan wane aiki ya kamata a miƙa mata. Binciken da masana daga Harvard da wasu jami'o'i suka yi a 2023 tare da ma'aikata 758 na kamfanin ba da shawara na BCG ya nuna dalili. Waɗanda aka ba manhajar ƙirƙirarriyar basira ta GPT-4 sun fi sauri da kusan kashi 25 cikin ɗari a ayyukan da na'urar ta ƙware a kansu, amma da aka ba su aikin da ya fi ƙarfinta, sai suka fi waɗanda ba su taɓa ta ba yin kuskure, domin sun amince da amsar da ta zo musu a tsare. Maƙalolin HBR da suka ginu a kan hujja irin wannan suna da amfani ƙwarai. Sai dai akwai wasu da yawa a kan wannan batu da suke maimaita hasashe ɗaya da kalmomi dabam-dabam, kuma mai karatu zai gaji da su tun kafin ya kai rabi.

Inda mujallar ta fi burge ni shi ne batun raba mako tsakanin ofis da gida. Nicholas Bloom na Jami'ar Stanford da abokan aikinsa sun yi gwaji a kamfanin tafiye-tafiye na Trip.com da ke China, inda aka raba ma'aikata 1,612 gida biyu bisa ranar haihuwarsu, don kada son rai ya shiga zaɓen. Rukuni ɗaya ya ci gaba da zuwa ofis kwana biyar, ɗayan kuma aka bar shi ya yi aiki daga gida ranakun Laraba da Juma'a har tsawon wata shida. Yawan masu ajiye aiki a rukuni na biyu ya ragu da kashi ɗaya cikin uku, kuma ba a ga ƙwazonsu ya ragu ba. Cikakken rahoton ya fito a mujallar kimiyya ta Nature a 2024, cike da lissafin da sai ƙwararre zai bi, HBR kuwa ta kawo shi a taƙaice cikin harshen da shugaban sashen ma'aikata zai karanta kafin ya shiga taro. Wannan shi ne ainihin aikin da mujallar ta iya.

Rumbun tsofaffin maƙaloli ma ya isa dalilin yin rajista. A nan Michael Porter ya fara bayyana abubuwa biyar da ke juya gasa a kasuwa a 1979, a nan kuma Joseph Bower da Clayton Christensen suka gabatar a 1995 da ra'ayin cewa ƙaramin kamfani mai kaya masu araha yana iya tumɓuke babba. Amma dole a tuna cewa editoci ne ke zaɓen abin da za a buga, ba a bi ta tantancewar masana irin ta mujallun jami'a ba. Da Andrew King da Baljir Baatartogtokh suka bi diddigin misalai 77 na wannan ra'ayi na Christensen, sun ruwaito a mujallar MIT Sloan Management Review a 2015 cewa kusan kashi 9 cikin ɗari ne kawai suka cika dukkan sharuɗɗansa. Shaharar ra'ayi a HBR ba ta nufin an tabbatar da shi.

Akasarin misalan da ake kawowa na manyan kamfanonin Amurka da Turai ne, masu wutar lantarki a tsaye da bashin banki mai sauƙin ruwa. Kasuwannin Afirka ba sa samun fili sosai, ko da yake akwai maƙala mai kyau ta 2017 da Christensen da Efosa Ojomo, ɗan Najeriya, da Derek van Bever suka rubuta, wadda ta bi yadda kamfanin Tolaram ya kafa kasuwar taliyar Indomie a Najeriya ta hanyar samar wa kansa wuta da ruwa da motocin rarraba kaya. Mai masana'anta a Sharaɗa ko Bompai zai ga halin da yake ciki a wannan maƙala fiye da yadda zai gani a goma da aka rubuta kan Silicon Valley, cibiyar kamfanonin fasaha ta Amurka.

Kuɗin rajista da dala ake biya, abin da ke da nauyi ga mai samun naira, kuma nazarce-nazarcen kamfanoni da ake koyarwa da su a azuzuwan Harvard galibi dabam ake sayar da su. Wanda bai yanke shawara ba tukuna yana iya farawa da shirin sauti na mujallar, HBR IdeaCast, wanda kyauta ne, inda marubutan kan yi bayanin bincikensu da bakinsu cikin kusan rabin sa'a.