Alappuzha: ku kwana a jirgin ɗaki, ko ku sauka a gari ku bi ƙananan jirage?

Hajiya, sannu da jinya, Allah Ya ƙara wa Alhaji lafiya. Kin ce likita ya sallame ku a Kochi, a jihar Kerala ta ƙasar Indiya, kwana biyu suka rage kafin jirgin samanku ya tashi, kina so ki kai shi da yara Alappuzha, garin da Turawa ke kira Alleppey, amma kin rasa na zaɓa: ku kama jirgin nan mai ɗakuna ku kwana a kan ruwa, ko ku sauka a otal cikin gari ku riƙa yawo a ƙananan jirage. Ni dai shawarata, ku shiga jirgin ɗakin da rana, ku kwana a gari.

Garin yana kudu da Kochi da kamar kilomita 55, Tekun Larabawa ta yamma, tafkin Vembanad ta gabas. Bayan tafkin kuma ƙasar Kuttanad ce, inda koguna irin su Pamba da Manimala da Achankovil suke rarrabuwa su zama lungunan ruwa tsakanin gonakin shinkafa. Abin da ake zuwa kallo ke nan. Kowane jirgi kuwa da iyakar inda yake iya kai mutum.

Jirgin ɗaki su mutanen wurin kettuvallam suke ce masa. A da na dako ne, shinkafa da kayan yaji yake kaiwa Kochi, an ɗaure katakonsa da igiyar ɓawon kwakwa, an yi masa rumfar gora. Da tituna da manyan motoci suka kashe masa kasuwa, sai a farkon shekarun 1990 aka fara sa masa gado da banɗaki don baƙi. Yanzu ɗaruruwa ne jere a bakin ruwan Punnamada, a gefen garin. In kin kama ɗaya, naku ne ku kaɗai, da matuƙi da mai kula da inji da kuku. Ba hayaniya, ba hawa da sauka, Alhaji zai miƙe ƙafa a kujera a gaban jirgi ruwa na wucewa, a kawo masa shayi. Ga wanda ya tashi daga gadon asibiti, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Ke ma kin huta da idon jama'a.

Amma ki yi lissafin lokaci, don dillalan da ke tare baƙo a tasha ba za su yi miki shi ba. Ana shiga da sha biyun rana, a fita da tara na safe, awa 21 ke nan. Da biyar da rabi na yamma dole jirgi ya ɗaure, saboda dare na masunta ne, su za su shimfiɗa taru. A cire tsayawar cin abincin rana, a ƙara ɗan zagayen safe, tafiyar duka ba ta wuce awa shida ba. Sauran kuwa kuna ɗaure a gaɓa, sau da yawa kafaɗa da kafaɗa da wasu jiragen, in makwabtanku matasa ne masu kiɗa to Allah Ya ba da haƙuri. Magariba na yi sauro zai fito gaisuwa. A jirage masu matsakaicin kuɗi, na'urar sanyaya ɗaki daga tara na dare zuwa shida na safe kawai take aiki, sai ki tambaya tun kafin ki biya. Abin da ya fi damuna game da ku shi ne daren: in jikin Alhaji ya motsa ƙarfe biyu, kuna bakin wata gona da mota ba ta zuwa. A gari kuwa akwai babban asibitin gwamnati, ga asibitin koyarwa a Vandanam, 'yar tafiya kaɗan kudu.

Sannan jirgin ɗaki ƙato ne. Manyan hanyoyin ruwa da tsakiyar tafki kaɗai yake bi, ba ya shiga lungu, ba ya wuce ƙarƙashin ƙananan gadojin ƙafa na ƙauye.

Lungun nan kuwa shi ne Kuttanad ɗin. Ƙananan jirage iri uku ne. Akwai shikara, mai inji da rumfa da kujerun kishingiɗa, ana kama shi da awa. Akwai kwalekwalen hannu, wanda ya fi kowa kutsawa, musamman wajen ƙauyukan Kainakary. Sai jirgin fito na gwamnatin jihar Kerala, wanda shi ne A Daidaita Sahunsu: 'yan makaranta, masu cefane, ma'aikata, kowa ya tsaya a matsayar ƙofar gidansu. A cikin waɗannan za ki ga mata na buga wanki a dutsen matakala, mai kifi na tallarsa daga cikin kwalekwale, makiyayi na kora ɗaruruwan agwagi da dogon gora. Za ki kuma ga abin da ya fi ba ni mamaki a ƙasar: ruwan da kike kai ya fi gonar da ke gefenki tudu. Shinkafar Kuttanad ana noma ta ne ƙasa da matakin teku, wani wurin mita ɗaya, wani wurin har kusan mita uku. Jinga suke kewaye fili da ita, su zuƙe ruwan da famfo, su shuka, gidajen mutane kuma a kan siririyar jingar suke. Hukumar abinci da noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wannan noma cikin kayan gadon noma na duniya a 2013. Daga saman jirgin ɗaki kore kawai za ki hango, daga kwalekwale kuwa sai kin leƙa ƙasa.

Sai dai kwalekwalen hannu ba na Alhaji ba ne. Zama ne a ƙasa-ƙasa, yana rawa in an shiga, ga rana. Shikara da sassafe ya fi muku, ko ke da yara ku je ku bar shi ya yi barcinsa.

Wajen kuɗi babu haɗi. Jirgin fito daga Alappuzha har Kottayam, tafiyar kamar awa biyu da rabi, bai kai rupi ɗari ba. Shikara 'yan ɗaruruwa ne a awa, ana kuma ciniki. Jirgin ɗaki dubbai ne, kuma a ƙarshen Disamba farashi yakan haukace. Na yini, wanda ake shiga da hantsi a fita da yamma da abincin rana a ciki, ya fi na kwana sauƙi, kuma kusan duk tafiyar da mai kwana zai yi ke ma kin yi ta.

Abinci kuwa jirgin ɗaki ya ci gari, in kuku ya iya hannu. Jar shinkafa mai manyan ƙwaya, kifin karimeen da ake naɗewa a ganyen ayaba a gasa, rogo da miyar kifi, komai da man kwakwa. Ki ce a rage yaji da gishiri saboda mai jinya. In kina shakkar yankan kaza ki ce kifi kawai, ba mai jin haushi. Wani matuƙin zai tsaya a shagon bammin kwakwa, su kallu suke ce masa, ki gaya masa tun farko ba ku buƙata. Wajen sallah kuma gari ya fi. Musulmi sun haura kashi ɗaya cikin huɗu na mutanen Kerala, unguwar Zakariya Bazar cike take da masallatai da gidajen abinci na halal. A jirgi sai kin jira ya tsaya kafin alƙibla ta zauna, tana yamma ne da ɗan karkata arewa.

Wanda ya kwana a ruwa yawanci ba ya ganin garin ko kaɗan, daga mota sai jirgi, daga jirgi sai mota. Alhali garin da tarihinsa. Raja Kesavadas, wazirin masarautar Travancore, shi ya raya shi a ƙarshen ƙarni na 18, ya haƙa hanyoyin ruwa daga tafki zuwa bakin teku, ya gayyato fatake daga Gujarat da Kutch, cikinsu har da Musulmi. A 1859 James Darragh ya kafa masana'antar zaren kwakwa ta farko, kuma har yau sana'ar garin ke nan, igiya da tabarmar goge ƙafa. Kada ki sa rai da yawa ga hanyoyin ruwan cikin gari, ciyawa ta cinye wasu, tsofaffin ɗakunan ajiyar kaya na gefensu sun fi su abin kallo. A bakin teku akwai hasumiyar fitilar jirage ta 1862 mai ja da fari, da ƙarafan tsohuwar gadar lodi da suka rage a cikin ruwa. Da yamma iyalai ke cika wurin, ana sayar da gyaɗa da mangwaro mai barkono. Gadar sama da aka buɗe a 2021 ta bi ta kan gaɓar, ta rage mata kyau. Kada yara su shiga ruwan, igiyarsa na ja. In kuna son yashi mai tsabta da shiru, Marari na arewa da kamar kilomita 15, a hanyar komawa Kochi ma take.

Ba ki faɗi watan ba. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi, Maris zuwa Mayu zufa ce. Damina na sauka a Yuni, kuma a Agustan 2018 ambaliya ta shanye Kuttanad, don haka in ana ruwa sosai ku haƙura da nisa. A Agusta ne kuma aka saba yin tseren dogayen kwalekwale na kofin Nehru a Punnamada, wanda ya samo asali a 1952, jirgi ɗaya da matuƙa wajen ɗari. Ranar ɗaki wuya yake.

Kowane jirgi za ku shiga, ki gan shi da idonki kafin ki ba da kuɗi, ki nemi a nuna miki lasisi da rigunan ceto daidai da yawanku, har na yara. A Mayun 2023 jirgin yawon buɗe ido ya kife a Tanur, arewacin Kerala, mutum 22 suka rasu, da yawansu yara. Ku riƙe fasfo a hannu, otal da jirgi duka sai sun rubuta baƙo. Ranar komawa kuma ki tuna filin jirgin saman Kochi a Nedumbassery yake, can arewa da birnin, kusan kilomita 80 daga Alappuzha, ki ware awa uku ga hanya.