Ɗauki shuɗin na alminiyam, ka bar musu baƙin

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Na ga hotunan kekunan biyu da ka ɗora kana tambayar wanda za ka saya: baƙin na kabon (wani abu marar nauyi da ake ƙera firam ɗin keke da shi), na hannu, mai faranti biyu a gaba masu haƙora 53 da 39 (53/39), da farantan baya masu haƙora daga 11 zuwa 25 (11-25), da kuma sabon shuɗin na alminiyam mai 50/34 da 11-34. Ɗauki shuɗin. Na ga 'yan'uwa a nan sun fara yi wa baƙin kirari, wai kilo 8 ne kacal, wai da yatsa biyu ake ɗaga shi. Ai ni ma da yatsa biyun na ɗaga nawa ranar da na saya, daga baya kuma na riƙa tura shi da hannu biyu.

Irin wannan keken sak na taɓa mallaka. Kabon, baƙi wuluk, siririyar taya mai faɗin milimita 23, faranti 53/39, baya 11-25. Kyan ɗan maciji. A kan miƙaƙƙiyar kwalta ba a magana, ana taka shi yana amsawa, wannan kam ba zan ci haƙƙinsa ba. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Akwai wani tudu a hanyar da nake bi da safe, bai fi kilomita biyu ba, amma wajen ƙarshensa akwai kwana biyu inda yake miƙewa tsaye. Ranar farko da na kai nawa baƙin can, tun kafin kwanar farko na gama giyata kaf. Ka san wannan abin da mutum yake ta danna hannun giya yana fata ko akwai saura, alhali ya san babu? Na miƙe tsaye a kan feda, ina jan kan keken hagu da dama, ina jin bugun zuciyata a cikin kunne. A kwana ta biyu ƙafa ta ce ba ta san zance ba. Na sauka. Takalman nan masu maƙalewa a feda kuwa ba a yi su don tafiya a ƙasa ba, sai ƙwas-ƙwas nake a kan kwalta kamar doki. Ina cikin turawa sai ga wani dattijo a kan tsohon keke mai faɗin taya, da kwando a bayansa, yana zaune daram a sirdi, ƙafafunsa na juyawa a hankali kamar mai ɗinki da keken ɗinki. Ya gaishe ni, ya tambaya ko faci na yi. Na ce a'a, hutawa nake. Ya yi murmushi ya wuce abinsa. Na bi bayan kekensa da kallo, sai na ga farantin baya da sarƙarsa ke kai ya kusa faɗin tafin hannuna.

Wata takwas na yi ina gaya wa kaina cewa ƙarfi ne ban yi ba tukuna. Gwiwata ta dama ce ta fara gajiya da wannan ƙaryar.

Ga lissafin da na so a ce wani ya yi mini kafin in saya. Tayar keken tsere, wadda ake kira 700c, tana cin kamar mita 2.1 a kowane juyi. Giya mafi sauƙi a baƙin ita ce 39 a gaba, 25 a baya. Raba 39 da 25, ka samu 1.56, wato duk juyi ɗaya na feda sai ka tura kanka da keken gaba kamar mita 3.3. A shuɗin kuwa mafi sauƙi 34 ce a gaba 34 a baya, juyin feda ɗaya juyin taya ɗaya, mita 2.1. To ka ɗauka kana kan tudu mai kashi 10 cikin 100, wato duk mita 100 da ka yi ka hau mita 10, kana tafiyar kilomita 8 a awa, wanda shi ne gudun irinmu a irin wannan wuri. A baƙin ƙafarka za ta riƙa juyawa sau 40 ko 41 a minti, kowane taku kamar kana danne buhu. A shuɗin sau 63 ko 64. Gudu ɗaya, aikin da jiki ya yi ɗaya, amma an rarraba maka shi ƙanana-ƙanana, numfashi da zuciya suna ɗauka maimakon gwiwa. In kuma ka gaji ka sauko zuwa kilomita 6 a awa, mai shuɗi yana nan a zaune yana juyawa, mai baƙi ya koma sau 30 a minti, yana lilo a hanya yana neman faɗuwa.

Nauyin da ake ta yi maka talla kuma, bari mu auna shi. Ka ce shuɗin kilo 10 ne, bambancin kilo 2 ke nan. Amma ai ba keken kaɗai ke hawa tudun ba, da kai a kansa. In kai kilo 80 ne, ana maganar 88 da 90. Kashi 2 da ɗan ɗoriya cikin 100. A hawan minti 20, abin da ka rasa bai kai rabin minti ba. Gora biyu ta ruwa masu cin mililita 750 kowace, kilo ɗaya da rabi ke nan, kuma ba ka taɓa jin wani ya bar ruwansa a gida don ya yi sauri ba. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, tun shekarar 2000 ta hana shiga gasa da keken da bai kai kilo 6.8 ba, su can daƙiƙa biyar tana raba na ɗaya da na goma, dole su damu da kowane giram. Mu da muke fita don jiki ya motsa, mu dawo mu tafi aiki, me rabin minti zai ƙara mana?

Su kansu ƙwararrun ma ba sa jin kunyar giya mai sauƙi. Hawan dutsen Alpe d'Huez, mai lanƙwasa 21, da ake yi a gasar Tour de France ta Faransa, tsawonsa kamar kilomita 13.8 ne, matsakaicin tsayinsa kashi 8 da ɗoriya. A dutsen Angliru na Sifaniya kuwa akwai inda ya haura kashi 20, kuma ranar da za a hau shi makanikai kan sauya wa 'yan tsere ƙananan faranti a gaba da manya a baya. Mutanen da keke ne sana'arsu ke nan. Abin dariya ma, an fara Tour a 1903 amma sai 1937 aka yarda kowa ya yi amfani da na'urar canza giya a cikinta. Kafin nan sauka ake yi a gindin dutse a kwance tayar baya a juya ta. Girman kan ƙin giya mai sauƙi tsohon ciwo ne, ba a kanmu aka fara ba.

Wani zai ce maka sayi baƙin ka sauya giyar kawai. Na gwada. A tsofaffin faranti irin nawa ramukan kusoshin suna kan da'irar milimita 130, ba ya karɓar ƙaramin faranti ƙasa da haƙora 38, dole sai an cire hannun fedar gaba ɗaya. Na'urar canza giya ta baya gajera ce, ba ta kai wa 32 balle 34, ita ma sai sabuwa. Sai sabbin haƙoran baya, sai sabuwar sarƙa mai tsawo. Da mai gyara ya gama lissafa mini, sai na ga ashe rabin keke zan sake saya in maƙala wa firam ɗin da har gobe ba zai karɓi taya mai faɗin da ya wuce 25 ba. Na sayar da shi da asara.

Wanda nake hawa yanzu alminiyam ne, 50/34 da 11-34, taya 32, birkin faifai, kusan tagwayen shuɗinka. Shekara huɗu muna tare. Ranar da na fara kai shi wancan tudun, da gangan na fita da sassafe don kada wani ya gan ni in abin ya sake faruwa. Na shiga kwanar farko da sauran giya biyu a hannu. A ta biyu na sa ta ƙarshe, na zauna, na saki kafaɗa. Abin da ya ba ni mamaki shi ne ashe akwai wata ƙorama a gefen hagu, ƙasa da hanyar, ana jin ƙarar ruwanta. Wata takwas ina wucewa ta wurin ban taɓa sanin da ita ba, idona na kan tayar gaba, kunnena cike da hakina. Da na kai sama ban ma tsaya ba, na sha ruwa a kan keke na zarce. Tun daga nan na daina zagaye hanyoyi masu tudu, har nemansu nake. Bara ma na yi wata tafiya ta wuni guda, hawa da sauka tun safe har la'asar, na dawo gida cinyoyi sun yi tsami amma gwiwa lafiya lau, washegari na hau bene ba tare da riƙe ƙarfe ba.

Duk abin da ka hau kuma sai ka sauko, nan ne birki ke magana. Baƙin birkin roba ne mai matse bakin wili. A rani babu laifi. Ruwa na sauka sai ka matse ka ji shiru, taya ta yi juyi ɗaya ko biyu kafin robar ta share ruwan ta kama, a gangara kuwa wannan ɗan shirun yana da tsawo. In wilin ma na kabon ne, doguwar gangara da birki a matse tana tara zafi a bakinsa, har tub ya iya fashewa. Birkin faifai ba ruwansa da wannan, kamunsa kusan ɗaya ne ko da ruwa ko babu. UCI ma ta halatta shi a tseren kwalta tun 2018. Yana da nasa halin: wani lokaci yana kuka kamar ƙofar da ba ta sha mai ba, kuma in maiko ya taɓa takalmin birkin sai sabo. Kada ka taɓa faifan da hannu bayan gangara, na taɓa yi, tabon yana nan. Ka rage gudu kafin ka shiga kwana, ka riƙa matsewa kana saki, kada ka riƙe shi tun daga sama har ƙasa.

Faɗin taya kuma, 32 tana ba ka damar rage iska, sai keken ya daina bubbuga maka hannu da baya a kan kwalta mai tsage-tsage. Kan shuɗin ma na lura ya fi tsayi, ba za ka duƙa kamar mai neman allura ba. Bayan awa biyu wuyanka zai gane bambancin.

Ba ka tambaya ba, amma bari in faɗa maka game da masu sayarwa, don a hoto na uku na baƙin na ga fentin da ke ƙarƙashin sirdi ya fi sauran ƙyalli. Ban ce ga abin da ke ƙasa ba. Sai dai kabon ba ya lotsawa kamar ƙarfe ya nuna maka ya ji ciwo, tsagewa yake daga ciki, kuma akwai marasa tsoron Allah da ke shafe tsagar da fenti ko su liƙa sitika a kai. Ana ƙwanƙwasa firam da tsabar kuɗi a hankali: lafiyayyen wuri yana ba da ƙara siririya, wurin da ya tsage sai ka ji ta mutu. Wannan ma ba ya kama komai da komai. Wanda ya sayar mini da nawa ya rantse sau uku kawai aka hau shi, da mai gyara ya sa ma'aunin sarƙa sai ga shi ya nutse gaba ɗaya. In ba ka da ma'aunin, ɗauki abin awo: daga tsakiyar ƙusa ɗaya ta sarƙa zuwa ta 24 a gabanta inci 12 ne cif a sabuwa, in ya zarce a fili ta miƙe, kuma miƙaƙƙiyar sarƙa ta riga ta ci haƙoran da take hawa.

Akwai kuma firam na jabu masu ɗauke da manyan sunaye. Akwai masu saka na'urar baya mai daraja, irin Ultegra ta kamfanin kayan keke na Shimano, don ita ido ke fara gani, sauran kayan kuwa tarkace ne aka harhaɗa. Akwai na sata. Kifa keken ka duba lambar firam a ƙasa, inda hannun feda ke shiga, in an kankare ta ko an cike ta da fenti ka yi sallama ka tafi. Kada ka tura ko sisi don ka ga hoto. Kuma duk wanda ya ce maka girman keken ba komai, za a ɗaga sirdi ya yi daidai, kayansa yake son rabuwa da su.

Shi ma shuɗin don sabo ne kada ka saki jiki. Na taɓa ganin an rubuta 11-34 a takarda, a jikin keken 11-28 ne, da aka yi magana sai aka ce kuskure ne. Adadin haƙoran a rubuce yake a jikin farantin, in ba ka gani ba sa yatsa a kan babban na baya ka ƙirga da kanka. Ka tambaya kuma birkin faifan na waya ne ko na mai. Na mai ya fi laushi a hannu, na waya ya fi sauƙin gyara, kowanne ka samu ya ishe ka. Kayan giya na Shimano, Sora ko Tiagra, duk suna aiki lafiya in an saita su, kada wani ya ruɗe ka sai lallai 105, wadda ke sama da su.

Abin da ya rage a hannunka ka sa a hular kwano, da wando mai soso, da ƙaramin famfo da tub biyu. In ka karɓo shi ka ɗora mana hoton farantin baya daga kusa, in taya ka ƙirga.