Hattara Damagarawa da masu "wanke tiyo" da sunan gyaran famfo na gaggawa

Jama'ar Damagaram, akwai wasu mutane da ke yawo gida-gida da sunan plombiye na gaggawa, kuma ba gyara suke yi ba. Za ku ga sanarwarsu a zaurukan WhatsApp na unguwanni, wani lokaci kuma an rubuta lambar waya da fenti a jikin katanga: gyaran famfo dare da rana, wanke tiyo daga kalkar, a kira mu zo nan take. Kalkar shi ne farin ɓawon nan da ruwa ke bari a gindin buta. Ba su da shago. Yawanci su biyu ne a kan babur da jakar kayan aiki da wata jarka ƙarama da ba rubutu a jikinta. Wannan jarkar ita ce abin tsoro.

Sun san lokacin da za su fito. Daga Maris zuwa Mayu, sanda zafi ya kai zafi, famfo ya yi kwanaki ba ɗigo, 'yan ga-ruwa su ɗaga farashi, mata su kwana a farke suna jiran ruwa ya zo da tsakar dare. Ƙarancin ruwa a garin nan ba sabon abu ba ne. Garin zaune yake a kan dutse, ruwan ƙasa ba yawa, shi ya sa ake janyo mana shi daga nesa, daga Gogo da Machaya da Arunguza da Ganaram. Har ma yana cikin dalilan da ake bayarwa na ɗauke babban birnin ƙasa daga nan zuwa Yamai a 1926. To mutumin da ya kwana uku yana jira, ruwa ya zo wa maƙwabta shi nasa robine sai huci yake yi, duk wanda ya ce masa zan gyara yanzu-yanzu zai buɗe masa ƙofa.

Haka aka yi wa gwaggona, wadda ke zaune da jikokinta a wata unguwa ta bayan Birni. Ruwa ya dawo, nata famfon na tsakar gida yana zuba kamar fitsarin jariri. Wata maƙwabciya ta ba ta lambar da ta gani a waya. Kafin la'asar sun iso. Babban cikinsu ya gaishe ta har ƙasa, ya kwance kan robine, ya leƙa, ya girgiza kai. Sai ya ce, "Hajiya, a kawo mini butar da kuke dafa shayi." Aka kawo. Ya kankaro farin abin nan da ke manne a gindinta da bakin sukuddireba, ya zuba a murfin kwano, ya ɗiga masa ruwan jarkar nan. Nan take abin ya hau tafasa yana kumfa yana hayaƙi mai shiga hanci. Ya ce, "Kin gani, Hajiya? Abin da ke cikin tiyonku ke nan tun daga kontar har ban ɗaki. Kuma shi kuke sha, shi ke zama dutse a ƙoda." Tsohuwa ta yi salati. Ya yanka mata jika 45: maganin wanke tiyo, da wani ƙarfe mai maganaɗisu da za a ɗaura a jikin tiyo wai ya hana kalkar komawa, da ladan aiki. Ta ba da jika 30 kafin alƙalami, kuɗin da ɗanta ya aiko mata ne na abincin wata.

Farin abin gaskiya ne, ba su suka ƙirƙiro shi ba, kuma nan ne dabarar tasu take. Ruwan da ya ratso ƙasa yana kwaso sinadaran kalsiyam da magniziyam. Idan sun yi yawa sabulu ba ya kumfa sosai, kuma duk inda ruwan ya tafasa ko ya bushe sai ya bar wannan farin ɓawon mai kama da alli. Shi ya sa ake ganinsa a buta, a ƙarfen dafa ruwa na lantarki, a ramukan kan shawa, da bakin robine. Masu foraj a gida sun fi saninsa. Duk wani abu mai tsami da ya taɓa shi sai ya yi kumfa, ko lemun tsami ne ka matsa masa. Kumfar da aka nuna wa gwaggo ba ta nuna komai game da tiyonta ba. Tiyon da ruwan sanyi ke bi ba ya toshewa da kalkar cikin 'yan shekaru. Maganar ƙoda kuwa tsoratarwa ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ba ta ma sa wani iyaka na lafiya a kan yawan waɗannan sinadarai a ruwan sha ba. Shi kuma maganaɗisu ba ya fitar da komai daga cikin ruwa. Na'urar da ke rage kalkar ta gaske babba ce, tana aiki da gishiri, ana ta kula da ita, ba abin da za a ɗaura da waya cikin minti biyu ba ne.

Abin da suka ɗura mata asid ne. Suka kwance haɗin da ke bayan kontar, suka zuba, suka ce kada a buɗe ruwa sai gobe. Gidan tsohon gini ne, tiyonsa na ƙarfe ne. Asid ya kwana a ciki yana cin ƙarfen, musamman wajen zaren haɗi inda ya fi siriri. Da ruwa ya dawo da ƙarfinsa, sai ga bango ya jiƙe ta ciki, ƙasan tsakar gida ta yi laushi, kontar tana ta juyawa ba wanda ya buɗe famfo. Ga shi ruwan farko da ya fito yara sun tara a bokiti. Allah ya tsare, warinsa ya sa ba wanda ya sha. Ku tuna kuma gidajenmu ba sa rabuwa da jabel, kuma idan asid ya haɗu da jabel a ban ɗaki iska mai guba yake fitarwa, tana iya sumar da mutum a ɗaki rufaffe.

Sai daga baya aka lura da sauran ɓarnar. Robine biyu na jan ƙarfe masu nauyi, waɗanda marigayi maigidan ya sa da hannunsa, sun ce sun lalace, suka canza su da na banza marasa nauyi, suka jefa tsofaffin a jaka. Jan ƙarfe kuɗi ne wajen masu awon ƙarfe. A wani gidan na ji ƙaramin injin tura ruwa zuwa shato suka ɗauka, wai za a wanke shi a wurin aiki. Har yau ana jira.

Plombiyen da ya zo gyaran ɓarnar, dattijo ne da ke zama kusa da masu kayan gini a kasuwar Dole, shi ya nuna mana asalin ciwon. Yashi ne da tsatsa suka cika 'yar ragar da ke bakin robine. Idan an daɗe da yanke ruwa, iska na cika tiyo, in ya dawo sai ya turo datti gaba. Ya kwance ragar, ya buga ta a tafin hannu, yashi ya zubo, ya wanke. Ya ce, "Inna, da wannan kawai aka yi, ko dala ɗari ba zan karɓa ba." Yanzu kuwa sai da aka fasa siminti aka canza tiyo mai tsawo, ga faktir ɗin ruwan da ya tsiyaye a ƙasa yana tafe.

Don haka kafin ku kira kowa, ku tambayi maƙwabta ko suna da ruwa. In su ma babu, yankewa ce, ba plombiyen da zai kawo shi. In robine ɗaya ne kawai ya yi rauni, ku kwance bakinsa ku duba. Kan shawa da ya toshe, a jiƙa shi a binegar ya kwana, a goge da tsohon burushi. In tiyo ne ya fashe da dare, ku rufe makullin da ke bayan kontar, ruwa zai tsaya, gyara ya jira safiya. Ya kamata kowa a gida, har yara manya, ya san inda makullin nan yake. Mai zargin yoyo a ɓoye kuma ya rufe duk famfunan gida ya kalli kontar, in tana motsi akwai inda yake zuba.

Wani abin da suka fara yi shi ne cewa kamfanin ruwa ne ya aiko su duba kalkar. Tun farkon 2024 sabon kamfani mai suna NDE ne ke raba ruwa a madadin tsohon kamfanin SEEN, kuma suna amfani da wannan canjin suna ruɗa tsofaffi da cewa sabon tsari ne. Kontar da tiyon da ya taho daga titi zuwa gare ta hurumin kamfani ne, abin da ke bayanta zuwa cikin gida na mai gida ne, shi ke neman mai gyaransa. Wanda ya ce daga kamfani yake, ya nuna katin aiki, kuma ku je ofishinsu ku tambaya kafin ku ba da ko dala.

Kada ku ba da kafin alƙalami ga wanda ba ku san mazauninsa ba. In za a sayi kaya, ku bi shi shago ko ku aiki yaro ya karɓo takarda. Duk abin da aka kwance, naku ne, ya tsaya a gida. Kuma jarkar da ba rubutu kada ta kusanci tiyon ruwan shanku, ko wane ne ya kawo ta.

Mun kai maganar gwaggo wajen mai unguwa, daga nan aka shigar da ƙara komisariya. Lambar da ta kira a kashe take, amma sanarwar ta sake fitowa a wani zaure da wata lambar daban, kalmomin iri ɗaya. Wanda aka yi wa irin wannan ya daure ya je ya faɗa, ya tafi da lambar da aka kira da ranar da suka zo. Masu kula da zaurukan unguwa kuma, don Allah in kun ga sanarwar wanke tiyo daga kalkar, ku tambayi mai ita ina shagonsa yake kuma wa ya san shi kafin ku bar ta.