Awara ko nama: wanne ke taɓa ƙarfin namiji?

Wani ɗan'uwa ya aiko da tambaya a zauren nan jiya da daddare. Ya ce shi mutumin awara ne, da wuya la'asar ta wuce bai tsaya gaban kaskon mai suya ba, ga shi kuma an sa masa ranar aure bayan Babbar Sallah. Sai wani abokinsa na majalisa ya ce masa waken suya na ɗauke da sinadarin mata, yana kashe namiji, har nono yake fito wa mutum da shi, don haka in yana son kansa da arziki ya koma tsire da ƙwai. Yana so ya ji ko gaskiya ne, kuma in an ajiye awara nan, nama can, wanne ya fi wa namiji.

Ango, kwantar da hankalinka. Ruwa ba ya tsami banza, abokinka ba ƙirƙirar maganar ya yi ba, a tsakiya dai ya tsince ta.

Asalin zancen daga tumaki ya faro. A shekarun 1940 makiyaya a yammacin Ostareliya suka lura tumakinsu sun rage haihuwa, da aka bincika sai aka gano wata ciyawa ce da suke kiwo a kanta, mai ɗauke da sinadarai masu kama da istrojin, wato sinadarin da ya fi yawa a jikin mace. Dangin waɗannan sinadarai, da ake kira aisofilabon, suna cikin waken suya, kuma babu abincinmu na yau da kullum da ya kai shi yawansu. Sai dai kama da wane ba ta wane. Ƙarfinsu bai kama ƙafar istrojin na gaske ba, kuma cikin tunkiya mai tuƙa da cikin ɗan Adam ba iri ɗaya suke sarrafa su ba. Tunkiyar nan ma wuni take tana cin ciyawa guda, wata da watanni.

Da aka gwada a jikin maza fa? A 2010 an tattara gwaje-gwajen da aka yi wa maza da waken suya aka duba su gaba ɗaya, ba a ga ya rage testosteron ba, wanda shi ne sinadarin mazakuta. A 2021 aka sake wannan aiki da bincike 41, sakamakon bai canza ba: testosteron bai sauka ba, istrojin bai hau ba. Nama kuma, a nasa ɓangaren, ba ya ɗaga testosteron ɗin wanda ke samun isasshen abinci. A wannan fage kunnen doki suka yi.

Batun nono kuwa yana da tushe, amma ka ji yadda abin yake. A 2008 likitoci a Amurka sun ba da rahoton wani dattijo ɗan shekara 60 da ƙirjinsa ya kumbura kamar na mace. Da aka tsananta tambaya sai ya ce kusan lita uku na madarar waken suya yake sha kowace rana. Ya daina, ciwon ƙirjin ya lafa, istrojin ɗinsa kuma ya koma daidai. Lita uku! An ƙiyasta yana ɗura wa kansa wajen miligiram 360 na aisofilabon a yini. Kofi ɗaya na madarar, ko awara giram 100, miligiram 25 ne ko kusa da haka. Dattawan Japan da suka tashi da wake tun yarinta, abin da suke ci a rana tsakanin 25 ne zuwa 50. Kafin ka kamo mutumin nan sai ka share awara fiye da kilo guda kullum, kuma cikinka zai riga ka yin ƙara.

Akwai bincike ɗaya da ba zan ɓoye maka ba, tunda aure za ka yi. Shi ma a 2008 ne, masana na jami'ar Habad suka duba maza 99 da suka je asibitin neman haihuwa da matansu, suka ga waɗanda suka fi cin waken suya ƙwayoyin haihuwarsu sun fi ƙaranci a cikin kowane ɗigon maniyyi. Amma mutanen kaɗan ne, dama can matsalar haihuwa ce ta kai su asibiti, yawancinsu masu ƙiba ne, kuma tambayarsu kawai aka yi me suka ci. Gwaje-gwajen da aka ba maza waken da gangan sannan aka auna maniyyinsu ba su nuna haka ba. Masanan ma da kansu sun sake dubawa a 2015, ba su ga alaƙa tsakanin cin waken da miji ke yi da samun cikin matarsa ba. Ni dai da wannan binciken kaɗai ba zan raba mutum da awararsa ba.

To, a ina suka bambanta? Nan ne zancen ya fi daɗi.

Ta fuskar furotin, sinadarin gina jiki, namiji mai kilo 70 yana buƙatar kimanin giram 56 a rana, wato giram 0.8 ga kowane kilo na nauyinsa. Mai ɗaga ƙarfe ko mai aikin ƙarfi zai iya ninka haka. Dafaffen naman sa giram 100 yana ba da wajen giram 26. Ƙwai ɗaya giram 6. Busasshen waken suya giram 100 yana da kusan 36, ya zarce farin wake da gyaɗa, amma awara ruwa ne ya fi yawa a cikinta, saboda haka takan tsaya tsakanin 10 zuwa 17, gwargwadon yadda mai yin ta ta danne ta da dutse. Ke nan loma da loma nama ya fi. Naira da naira kuwa awara ta yi masa fintinkau, wannan duk wanda ya shiga kasuwa kwanan nan ba sai an faɗa masa ba. Kuma furotin ɗin waken suya cikakke ne, yana da dukkan tubalan nan tara da jiki ba ya iya ƙera wa kansa, abin da ba kasafai ake samu da wannan daidaito a tsiro ba. Masu zuwa gidan motsa jiki su ji: da aka tattara gwaje-gwaje a 2018, ba a ga bambancin tsoka ko ƙarfi tsakanin masu ƙarawa da furotin ɗin waken suya da masu ƙarawa da na dabba ba.

Inda nama ya yi zarra babu gardama shi ne bitamin B12. Awara ba ta da shi sam, kuma rashinsa na kawo ƙarancin jini da mutuwar gaɓoɓi da kasala, irin kasalar da za a iya ɗora wa waken laifinta alhali rashin nama ne. Sinadarin ƙarfe da zink ma jiki ya fi saurin zuƙarsu daga nama, hanta da kifi. Saboda haka wanda ya ce awara ta ishe shi, ba nama ba ƙwai ba nono, ya shirya neman B12 a wani wuri.

Awara kuma ta fi a wajen zuciya da jijiyoyin jini. Ba ta da kolastarol, kitsenta mai daskarewa kaɗan ne, kuma giram 25 na furotin ɗinta a rana yana ɗan sauke mugun kitsen jini, da kamar kashi 3 zuwa 4 cikin ɗari. Ba wani abin a zo a gani ba ne, amma in ta maye gurbin kitse da ƙirjin rago, ribar ta fi haka. Wannan ya shafi tambayarka kai tsaye, domin tashin gaban namiji aikin jijiyoyin jini ne, abin da ya toshe na zuciya shi ke toshe na can. A 2015 cibiyar binciken kansa ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke haddasa kansar hanji, ta ce giram 50 kowace rana na ƙara haɗarin da kashi 18 cikin ɗari, jan nama kuma ta ce akwai yiwuwar haka. Busasshen nama irin kilishi ya shiga wannan ma'ana. Ban ce a ƙaurace wa mai tsire ba, ni ma ba na wuce tukuba ido rufe, amma cin marmari daban, cin kullum daban.

Kansar furostet, wadda gidajen rediyo ke kira kansar mafitsara, an lura ta fi ƙaranci a cikin masu yawan cin waken. Amma da aka gwada shi a 2013 ga waɗanda aka yi wa tiyata, bai hana ta dawowa ba. Kar wani ya sayar maka da shi a matsayin magani.

Ni abin da ya fi damuna game da awararmu ba waken ba ne, kaskon ne. Ka tsaya ka kalli aikin daga farko: an jiƙa wake, an kai markaɗe, an tace, an tafasa madarar, an zuba ruwan tsami ta dunƙule, an juye a ƙyalle an danne. Har nan babu abin zargi, tafasar ma ita ke kashe sinadarin ɗanyen wake mai hana narkewar abinci. Daga nan sai a yanka a jefa cikin man da tun shekaranjiya yake kan wuta, ya yi baƙi ya yi kauri yana hayaƙi, a tsamo tana ɗiga, a barbaɗe ta da yaji mai gishiri da dunƙule, a kora da lemon kwalba. Wanda ke yin haka kullum tumbi zai ajiye, kuma kitsen tumbi yana da wani sinadari da ke juya testosteron ya koma istrojin. Yawancin ƙirjin da abokinka ke gani yana rawa a jikin maza daga nan ya fito, ko da awara ko da balangu aka tara shi.

Abubuwan da ke rage namiji da gaske sanannu ne: ƙiba, ciwon suga, hawan jini, taba, giya, da tiramol da samari ke sha wai don ƙarfi alhali dangin magungunansa sauke testosteron suke yi. Har da barci. A wani gwaji a Shikago a 2011, samarin da aka taƙaita wa barci zuwa awa biyar na mako guda, testosteron ɗinsu ya sauka da kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari. Majalisar da kuke kaiwa ƙarfe ɗaya na dare ta fi awara zama abin tuhuma.

Mutum uku ne zan ce su yi hattara. Mai shan maganin tayirod (ƙwayar nan ta wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo) na kullum ya bar tazarar awa huɗu tsakanin ƙwayar da waken, don yana rage shigarta jiki. Mai ciwon ƙoda likitansa ne zai yanka masa yawan furotin, na wake ne ko na nama. Sai wanda waken ke sa wa ƙaiƙayi ko kumburi, shi kam ya bar shi.

Kai kuwa ango, ci awararka sau ɗaya ko biyu a rana, ka haɗa da ƙwai, kifi ko nama 'yan lokuta a mako. In amarya ta tare, a riƙa yin ta a gida da sabon mai, ko a jefa ta cikin miya ba suya, a yanka kabeji da albasa a kai. Kafin ranar kuma, tunda dama za ku je gwajin jini na aure, ka ce a auna maka suga da hawan jini a tafiya ɗaya.