Tangaran ko yadi? Amsar tambayar kyautar gida ta karshen shekara

Yar uwa na ga tambayarki tun jiya, ban samu zama na amsa ba sai yanzu. Ga wadanda basu gani ba, cewa tayi tana son saya wa yayarta kyautar kayan gida na bukukuwan karshen shekara, kuma so take kudinta ya je hannun kamfanin da mace ce ta kafa shi, amma ta rasa tsakanin kayan tangaran irin su kofi da faranti, da kayan yadi irin su zanin gado da kyallen tebur. Ta ambaci Heath Ceramics da Emma Bridgewater a gefe daya, Marimekko da Parachute a daya gefen, sannan ta ce yayar tata nesa take, sai an aika.

Toh bari in fara da tangaran din tunda can zuciyata ta fi karkata, duk da ba shi zan ce ki saya ba a karshe, zaki ga dalili.

Heath da Emma Bridgewater dukkansu yumbu ne amma wallahi ba abu daya bane, ko a hannu kika dauka zaki ji. Edith Heath ta kafa nata a 1948 a Sausalito, California can Amurka, ita da mijinta Brian, kuma matar nan ba zane kadai ta iya ba, sai da ta je ta koyi ilimin sinadaran yumbu don ta san me ke faruwa da kasa in ta shiga wuta. Farkon abin juya tukwanenta ma tsohon keken dinki ne na kafa mijin ya gyara mata. Abinda ta fitar shi ne tangaran mai nauyi mai tauri da baya tsotse ruwa, kuma samfurinta na farko da suke kira Coupe har yau ana yinsa, kinga sama da shekara 70 kenan, wanda ya sayi faranti tuntuni zai iya nemo dan uwansa yau su zauna tare a tebur daya. Ina da kwanonsu guda biyu, kalar toka-toka mara sheki sosai, in kika duba bakin kwanon inda shafen ya yi siriri zaki ga launin kasar yana lekowa, ruwan kasa mai duhu, in kika shafa da babban yatsa zaki ji dan kaushi kadan a wajen. Kullum sai an ci abinci a cikinsu an wanke, an sha gwara su da tukunya a wajen wanke-wanke, har yanzu babu inda ya gutsure.

Emma Bridgewater kuwa labarinta daban. A 1985 ta fara, kuma abinda ya jawo shi ne kyauta ma, kamar ke, ta shiga neman kofi da dan farantinsa da zata bai wa mahaifiyarta ranar zagayowar haihuwarta ta rasa wanda ya kwanta mata, wasu sun cika tsari kamar na ajiya a kabad, wasu kuma babu kyau, sai ta ce bari ta yi nata. A Stoke-on-Trent ake yinsu a Ingila, garin da aka san shi da sana'ar tangaran tun daruruwan shekaru, kuma adon da hannu ake bugawa da yankakken soso, a tsoma a kala a dangwala, shi yasa digo-digon nan nasu in kika jera kofi biyu ba zasu zo daidai cif ba. Yumbun nasu mai launin madara ne, irin wanda ba a gasa shi ya kai taurin na Heath, ya fi sauki a hannu, ya fi fara'a, amma kuma ya fi saurin gutsurewa a baki in aka buga shi da karfi. Abinda suka fi Heath da shi nesa ba kusa ba shi ne zaki iya sa a rubuta sunan yayarki a jikin kofin, kuma kofi daya tak ya isa kyauta, ba sai kin hada saiti ba. Na Heath faranti daya shi kadai sai ya zama kamar an fara magana ba a karasa ba, sai dai ki dauki babban kwanon zuba abinci ko dan tulun furanninsu, wadannan suna tsayawa da kafarsu.

In gilashi take so akwai Estelle Colored Glass, Stephanie Summerson Hall ce ta kafa a 2019 a South Carolina ta sa masa sunan kakarta Estelle wadda ke son tara kofunan gilashi masu kala, a Poland ake hura su da baki. Kyau kam ba a magana, in rana ta bugi kofin kalar har kan tebur take zuba. Amma siriri ne, da hannu ake wanke shi a hankali, gida mai kananan yara zai kare a saman kabad.

Yanzu yadi. Marimekko ita ce uwa a wannan fannin, Armi Ratia ta kafa a Helsinki ta kasar Finland a 1951, lokacin mijinta Viljo yana da kamfanin buga zane a kyalle, ita kuma ta tattaro matasan masu zane, mata da yawa cikinsu, ta ce su yi abu mai kala mai girma wanda ba a saba gani ba a shekarun bayan yakin duniya na biyu. Labarin da nake so shi ne na furen nan nasu da kowa ya sani, Unikko. Armi ta fito fili ta ce kamfaninta ba zai buga fure ba don a ganinta fure na gaske ya fi kyau a bar shi yadda Allah ya yi shi, sai Maija Isola, daya daga cikin masu zanenta, ta ki ji, a 1964 ta zana manyan furanni ja da ruwan hoda kan farin kyalle, da Armi ta gani sai ta karba, yau shi ne fuskar kamfanin gaba daya. Har yanzu suna da masana'antar buga yadi tasu a Helsinki.

Sai dai fa ki sani Unikko baya zama shiru a daki. Fure daya zai iya kai fadin tafin hannu biyu ko fiye, in kika shimfida kyallen a tebur shi ido zai fara gani kafin komai, don haka in falon yayarki ya riga ya cika da labule mai zane da kafet mai zane, zasu yi ta fada da juna. In kuma gidanta irin mai farin bango da kujeru kala daya ne, rigar filo biyu kawai na Marimekko zasu tashi dakin gaba daya. Ni kyallen teburinsu gareni mai baki da fari, auduga ce mai dan kauri, wankin farko na yi shi shi kadai da ruwa mara zafi, na juya shi ta baya na shanya a inuwa, ya dan tsuke kadan kamar yadda auduga ke yi amma bakin bai kode ba.

Parachute kuma Ariel Kaye ce ta fara a 2014 a Los Angeles da kayan gado, su basu da hayaniyar kala, fari ne da toka da kalar yashi, karfinsu a jikin kyallen yake. Anan ne nake ce miki ki bi a hankali. Zanin gado kyauta ce mai hadari, ba don ba kyau ba, don sai kin san abubuwa biyu da ba kowa ke sani game da gadon wani ba. Na farko girman katifa, awon Amurka daban da na Turai, abinda ake kira king a Amurka ba shi ne king a Ingila ba, kuma zanin nan mai roba a kusurwa in bai zo daidai ba ya tashi aiki. Na biyu jikin mutum. Akwai sakar da suke kira percale, zare daya sama daya kasa, yana da sanyi da dan karfi kamar sabuwar riga da aka goge, mai jin zafi da dare shi yake so. Akwai sateen, zare da yawa suke bi ta sama kafin daya ya shiga kasa, ya fi santsi da sheki ya kuma fi rike dumi. Sai lilin da yake yamutsewa amma kullum aka wanke sai ya kara laushi. Kin san wanne yayarki ke so? In baki sani ba ki bar zanin gado, ki dauki bargon falo ko tawul, wadannan basu da ruwa da awo.

Akwai wata da baki ambata ba nake so ki leka, Bolé Road Textiles ta Hana Getachew, yar asalin Habasha ce da ke New York, ita ke zanawa, masaka a Habasha su saka da hannu. Rigunan filo da tawul da kyallen tebur, saka ce ta gaske ba bugu ba, in kika juya bayan zaki ga zanen ya ratsa.

Toh a jera su. Wajen dadewa tangaran irin na Heath ya fi, zai iya kai wa jikoki, yadi kuwa komai kyansa wanki na cinsa a hankali. Wajen amfanin yau da kullum kofi ya fi kowa, hannu na kai masa kowace safiya. Wajen dacewa da gidan da baki gani ba, Heath da tawul din Parachute sun fi saukin shiga ko'ina, Marimekko sai an san dakin. Amma wajen aikawa nesa yadi ya yi musu fintinkau, kuma wannan ne ya fi nauyi a tambayarki. Na taba aika wa kawata kofuna hudu a irin wannan lokacin, na nade kowanne da kaina na cusa takarda a ciki, kamfanin da ya dauki sakon ya kai kwalin da kusurwa daya a lotse, ta bude ta samu biyu hannunsu ya balle, ta turo min hoto tana ta bani hakuri kamar ita ta fasa, abin ya dade yana min ciwo don na dauki makonni ina zabensu. Karshen shekara kaya sun yi wa masu dakon sako yawa, jifa ake da kwali. Yadi kuwa a ninke a sa a leda, ba nauyi, ko an jefa ba abinda zai same shi. In dai dole tangaran kike so to ki yi oda daga kamfanin kai tsaye zuwa adireshinta, su sun san yadda suke nade kayansu kuma in ya fashe a hanya akwai wanda za a yi wa magana, kar ya fara zuwa hannunki ki sake aikawa. Ki kuma yi da wuri, musamman mai rubutun suna, sai an yi shi bayan kin yi oda.

Sai maganar da ta fi damuna, tunda kin ce don mata kike yi. Mace ta kafa daban, mace ke da shi yanzu daban. Armi Ratia ta rasu tun 1979, Marimekko yau kamfani ne da ake sayar da hannun jarinsa a kasuwar Helsinki. Heath kuma a 2003 Catherine Bailey da mijinta Robin Petravic suka saye shi, Edith ta rasu a 2005, kinga har yanzu akwai hannun mace a ciki amma ba mai kafawar ba. Jo Malone da mutane ke rububin kyandir dinta ta sayar wa Estée Lauder, babban kamfanin kayan kwalliya, da kamfaninta tun 1999, ta bar wajen a 2006, nata na yanzu sunansa Jo Loves. Ba ina cewa kar a sayi wadancan bane, aikin matan nan yana nan a jikin kayan kuma ya cancanci a girmama shi, amma in burinki shi ne kudinki ya karfafi macen da ke tsaye kan sana'arta a yau, kananan irin su Estelle da Bolé Road ne odarki daya zata fi yi wa tasiri. Ki shiga shafinsu ki karanta wajen da suke bada tarihinsu kafin ki biya.

Da ni ce ke, tunda nesa take, zan tambayi wani na kusa da ita ya turo min hoton falonta ba tare da ta sani ba. In dakin shiru ne, rigar filo biyu na Unikko, ki duba awon kawai, yawanci santimita 50 da 50 ne kuma rigar kadai ake sayarwa ba filon a ciki. In dakin ya riga ya cika da zane, tawul ko kyallen tebur na Bolé Road mai kala daya ko biyu. Kofin Emma Bridgewater mai sunanta kuma ki ajiye shi sai ranar da zaki je da kanki, ki nade shi cikin kayan sawarki a jakar hannu ki mika mata hannu da hannu. Allah ya bar zumunci, in kin samu hoton falon ki turo mu taya ki zaben kala.